Ku Tambaya Mu Amsa: Abincin Girka da Inda Matafiyi Zai Same Shi

Wasiƙun da suka taru mana a wannan wata sun karkata ga ƙasar Girka, domin wasu daga cikin masu karatunmu suna da tafiyar taro zuwa can, wasu karatu, wasu kuma ziyara. Mun zaɓi guda biyar. Sunayen abincin mun rubuta su ne yadda kunne yake jin su, tunda da baki matafiyi zai neme su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Maigidana zai halarci wani taro a birnin Atina, kuma zan raka shi, za mu yi kwana goma. An gaya mini cewa naman alade ya yi yawa a abincinsu, har wata ƙawata ta ba ni shawarar in cika akwati da garin kwaki da taliya. Shin da gaske ne Musulmi ba zai sami abin da zai ci ba? Daga wata mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya kai ku lafiya. Abin da aka gaya miki game da alade gaskiya ne, amma ban goyi bayan shawarar cika akwati ba, domin idan kika bi ta za ki kwana goma a ƙasar da ta gwanance wajen dafa wake da ganye, ki dawo ba ki ɗanɗana ko ɗaya ba.

Mu fara da inda ya kamata a yi hattara. Abincin da baƙo yake fara cin karo da shi a titunan Atina shi ne suflaki da yiros. Suflaki tsire ne, nama a jikin tsinke a gasa a kan garwashi. Yiros kuwa shi ne naman da ake jerawa a jikin ƙarfe a tsaye yana juyawa a gaban wuta, a yanka a naɗe cikin gurasa da tumatir da albasa da soyayyen dankali. Kamanninsa da shawarma su ne suke yaudarar mutanenmu, domin wanda ya saba cin shawarma a Makka ko Dubai yakan ɗauka rago ne ko kaza, alhali a Girka idan ba a ambaci irin naman ba, to alade ne. Ko an zaɓi na kaza, sau da yawa wuƙa ɗaya ake yanka su da ita, a gasa gurasar a kan ƙarfe ɗaya. Niƙaƙƙen nama ma abin lura ne, saboda wasu gidajen suna gauraya naman sa da na alade a cikin keftedes, wato ƙwallon nama, da bifteki, wato faffaɗan curin nama da ake gasawa, har ma da musaka, wato jerin yalo da nama da ake gasawa a tanda. Sai kuma giya, wadda take shiga tukunya fiye da yadda baƙo zai zata: naman da ake dafawa da ƙananan albasa mai suna stifado yawanci da giyar inabi ake dafa shi, jatan lande a miyar tumatir da cuku kuma akan ɗiga masa barasarsu da ake kira uzo.

Kalmomi kaɗan za su ishe ki. Alade shi ne hirino, giyar inabi krasi, rago arni, maraƙi moshari, kaza kotopulo, kifi kuma psari. Idan kika nuna abinci kika ce "Ehi hirino?" kin tambaya ke nan ko akwai alade a ciki, haka nan "Ehi krasi?" ga giya. Ki kula da amsar sosai, domin a harshensu "ne" shi ne e, "ohi" kuma shi ne a'a, kuma mutane da yawa suna jin "ne" su ɗauka an kore musu abin da suka tambaya, alhali an tabbatar musu da shi ne.

Batun ragon da Kirista ya yanka kuwa mas'ala ce ta fiƙihu. Aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta abincin Ma'abota Littafi, amma malamai sun yi saɓani game da yadda ake kashe dabbobi a mayankan zamani na Turai, saboda haka ku tambayi malamin da kuka amince da shi tun kafin ku tashi. Idan kuna son naman da babu kokwanto a kansa, ku nufi unguwannin da ke kewaye da dandalin Omoniya, musamman titin Menandru da titin Aharnon da wajejen dandalin Biktoriya, inda 'yan Pakistan da Bangaladash da Masar da Siriya da Afganistan suke da mahauta da gidajen abinci. Masallacin da gwamnati ta gina a unguwar Botanikos, wanda aka buɗe a watan Nuwamba na 2020, shi ma wuri ne da maigidanki zai iya tambayar mazauna garin idan ya je sallar Juma'a.

Sai dai abin da na fi so ki riƙe shi ne wannan: ainihin abincin Girkawa na yau da kullum yana cikin tukunya, kuma mafi yawansa babu nama a ciki. Ki nemi irin gidan abincin da suke kira mayiriyo. Shi ne daidai da gidan tuwo a wurinmu: ana girki tun da safe, a jera manyan farantai da tukwane a bayan gilashi, mai ci ya zo ya leƙa ya nuna abin da yake so. Ma'aikata da tsofaffi da ɗalibai ne suka fi cika shi, daga ƙarfe ɗaya zuwa huɗu na yamma, kuma wanda ya makara zai tarar mai daɗin ya ƙare. Shiga ciki a duba tukunya kafin a zauna al'ada ce da aka sani, babu wanda zai ga rashin kyautawarki.

A can za ki tarar da jerin abincin da suke kira ladera, ma'ana masu mai, domin da man zaitun ake dafa su a hankali tare da tumatir da albasa har sai ruwan ya tsotse, man ya taso. Akwai fasolakiya, ɗanyen wake da ɓawonsa tare da dankali. Akwai briyam, gaurayen yalon bature da dankali da 'yar kabewa kore, a gasa a tanda. Akwai yemista, tumatir da tattasai da aka rarake aka cusa musu shinkafa da na'a-na'a, ko da yake wasu suna sa niƙaƙƙen nama, don haka a tambaya. Akwai yigandes, wani ƙaton farin wake da ake gasawa cikin miyar tumatir, da spanakorizo, dafa-dukar shinkafa da alayyafo da ake matsa wa lemun tsami. Biyu daga ciki za su tuna miki gida. Ɗaya ita ce bamiyes, wato kuɓewarmu, amma su ba sa yanka ta, sukan gyara kanta kawai su dafa ta ɗungurungum don kada ta yi yauƙi. Ɗayan kuma mabromatika, wanda shi ne wakenmu fari mai baƙin ido, a dafa shi da ganye ko a kwaɗanta shi da albasa da man zaitun. Miyar farin wake da karas mai suna fasolada ita ce Girkawa da yawa suke ɗauka a matsayin abincin ƙasa, kuma da sanyi babu abin da ya fi ta.

Abubuwa biyu za su zo miki baƙo. Na farko, ba a kawo irin wannan abinci da zafi ƙwarai, da ɗumi-ɗumi ake cin sa, domin suna ganin sai ya huce ɗanɗanonsa yake fitowa, kuma ina ganin sun yi daidai. Na biyu, babu yaji. Da lemun tsami da tafarnuwa da wani busasshen ganye mai ƙamshi dangin na'a-na'a da ake kira rigani suke ɗaga abinci, a wasu miyoyin kuma da kirfa da kanumfari. Ki tafi da ɗan yajinki a jaka. Man da ya rage a faranti da burodi ake dangwale shi, kada ki bar shi.

Kalma ta ƙarshe da za ta yi miki amfani ita ce nistisimo, wato abincin azumi. Mabiya Cocin Otodoks suna kame baki daga nama da madara da ƙwai a ranaku masu yawa cikin shekara, saboda haka kowane mai dafa abinci ya san kalmar. Abin da aka ce nistisimo ne babu nama ko kitsen dabba a cikinsa, sai dai a tambayi batun giya daban.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne, na sami gurbin karatu a Tasalonika, kuma kuɗin hannuna kaɗan ne. Ta yaya zan ci in ƙoshi ba tare da guzurina ya ƙare ba? Zan iya tafiya da kilishi? Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

AMSA: Ɗana, Allah ya ba da ilimi mai amfani. Kilishin ka bar shi a gida. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da madara da duk abin da aka sarrafa daga gare su daga ƙasashenmu, kuma kilishi da dambun nama da cuku da man shanu duk suna cikin wannan hani, za a ƙwace su a filin jirgi, wani lokaci har da tara. Garin yaji da busasshiyar kuka da daddawa ba nama ba ne, ka ƙulle su da kyau ka bayyana su idan an tambaye ka.

Ka yi sa'ar gari. Tasalonika tana da nisan kusan kilomita 500 a arewa da Atina, kuma Girkawa kansu suna yi mata kallon cibiyar girkinsu, har hukumar UNESCO ta sanya ta cikin biranen da suka yi fice a harkar abinci a 2021. Dalilin yana cikin tarihi. Birnin ya kasance a hannun Daular Usmaniyya har zuwa 1912, Yahudawa da Turkawa da Girkawa suna zaune tare, sannan bayan yaƙin 1922 da musayar al'umma ta 1923 tsakanin Girka da Turkiyya, Kiristoci fiye da miliyan ɗaya suka baro yankin Anatoliya na ƙasar Turkiyya, kaso mai yawa daga cikinsu suka sauka a arewacin ƙasar da tukwanensu da kayan ƙamshinsu. Shi ya sa abincin arewa ya fi na kudu ƙamshi, kuma a can ne za ka sami dakakken barkono mai suna bukobo a kan tebur, da kwaɓin cuku da barkono da ake kira tirokafteri.

Da safe ka nufi gidan burodi, wato furnos. Kuluri, wani burodi mai siffar zobe da aka barbaɗe da riɗi, shi ne mafi arahar abin karin kumallo, kuma da sunan Tasalonika ake tallarsa har a Atina. Akwai spanakopita mai alayyafo da cuku, da tiropita mai cuku zalla, dukkansu cikin ɓawon fulawa mai siririn falle. Akwai kuma bugatsa, wadda 'yan gudun hijirar nan suka zo da ita: mai zaƙin ana cusa mata dafaffen kunun alkama da madara, a yayyanka a barbaɗa sukari da kirfa. Ka guji duk abin da sunansa ya fara da zambon ko lukaniko, domin alade ne.

Jami'o'in gwamnati suna da ɗakin cin abincin ɗalibai da ake kira leshi, inda wanda ya cika sharuɗɗa yake ci kyauta, saboda haka ka bincika wannan a ofishin ɗalibai tun makon farko. Sauran kuma ka koyi girki. Kowace unguwa tana da kasuwar mako da ake kira laiki, inda manoma suke baje tumatir da albasa da kifi da 'ya'yan itatuwa a kan titi, kuma idan kasuwar ta kusa tashi da rana farashi yakan faɗi. A tsakiyar gari akwai tsohuwar kasuwar Kapani mai arahar kaya, kusa da kasuwar Modiyano da aka gyara, wadda ta fi tsada. Da wake da shinkafa da man zaitun da ƙananan kifi, ɗalibi zai yi wata guda bai ji jiki ba. Idan kewar Musulmi ta dame ka lokacin hutu, ka shiga mota zuwa gabas, garuruwan Ksanti da Komotini, inda akwai tsofaffin al'ummomin Musulmi da musayar 1923 ba ta shafa ba, da masallatansu da mahautansu.

TAMBAYA: Bara na je wani tsibiri a Girka, wani mutum da ke tsaye a ƙofar gidan abinci a bakin teku ya ja ni ciki, na ci kifi ɗaya, aka kawo mini lissafin da ya ninka abin da na gani a takarda sau biyu, har da kuɗin burodin da ban nema ba. Zan koma bana. Cutata aka yi, ko ni ne ban gane ba? Daga wani ɗan kasuwa a Zangon Kumasi.

AMSA: Alhaji, na ji zafin abin da ya same ka, kuma mai yiwuwa ne duka biyun sun haɗu. A gidajen kifi, waɗanda ake kira psarotaberna, farashin manyan kifaye da aka kamo a teku a kan kilo ake rubuta shi. Wanda ya ga adadi a takarda ya ɗauka kuɗin faranti ne, aka gasa masa kifi mai kilo ɗaya da rabi ko biyu, lissafi zai ba shi mamaki. Mai gaskiya yakan bayyana wa baƙo haka tun farko, wanda kuma ya yi shiru ya san abin da yake yi. Ƙa'idar da Girkawa suke bi ita ce a tashi a je wurin ƙanƙarar, a zaɓi kifin da ido, a auna shi a gabanka, a faɗa maka kuɗinsa kafin ya hau wuta. Kai ɗan kasuwa ne, ka san ba a sayen kaya a cikin buhu, to haka ma a nan.

Kifayen da suka fi tsada su ne irin su barbuni, wani ja mai daɗin gaske, da fagri da sinagrida. Tsipura da labraki galibi na kiwo ne, kuma farashinsu a kan guda yake. Amma ni idan na zauna a bakin teku ƙananan nake nema: gabros da marida a soye, ko sardela a gasa a matsa mata lemun tsami. A kan faranti ake sayar da su, suna da araha, kuma su ne masunta kansu suke ci. A haɗa su da horta, wato dafaffen ganyen daji da man zaitun, wanda ya yi kama da kwaɗon zogale ko na rama in ban da ƙuli-ƙuli. Doka ta wajabta wa gidan abinci ya nuna a takarda duk abin da ya kwana a daskare, yawanci da alamar tauraro ko gajeren rubutun "kat". Game da sauran halittun teku kamar jatan lande da kalamari da ohtapodi mai hannuwa takwas, a mazhabar Malikiyya da akasarinmu muke bi duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, abin tambaya kawai shi ne ko an dafa shi da giya.

Kuɗin burodin kuwa sananne ne, ana kiransa kuber, kuma kaɗan ne a kan kowane mutum. Idan ba ka so, ka ce a ɗauke shi tun lokacin da aka ajiye. Ka kuma sani cewa dokar ƙasar ta ce mai saye ba dole ne ya biya ba idan ba a ba shi rasit na hukuma ba, kuma za ka ga an rubuta wannan a ƙasan takardar abinci ko a jikin bango. Akwai 'yan sanda na musamman masu kula da baƙi da za a iya kai wa ƙara idan abin ya wuce gona da iri.

Mutumin da ya ja ka daga ƙofa shi ne alamar farko da ya kamata ta tsayar da kai. Gidan da abincinsa yake da kyau ba ya bukatar ɗan kira. A Atina irin waɗannan sun fi yawa a manyan layukan Plaka da Monastiraki da ke gindin Akropolis, tudun nan mai tsofaffin gine-ginen tarihi, a tsibirai kuma a bakin tashar jiragen ruwa. Ka yi tafiyar minti goma zuwa cikin gari, ko ka shiga unguwanni kamar Petralona da Pangrati, ka nemi taberna, wato gidan abincin gargajiya, mai gajeren jerin abinci, wadda ake shimfiɗa wa teburinta farar takarda, kuma ka ji ana hira da harshen ƙasar. Ka lura da lokaci, domin Girkawa ba sa cin abincin dare kafin ƙarfe tara, da zafi ma har goma ko sha ɗaya, don haka gidan da ka gani fayau da ƙarfe bakwai yana iya cika maƙil daga baya. Abincin a tsakiyar tebur ake ajiye shi kowa ya ɗiba, kamar yadda muke haɗa hannu a akushi, kuma ba za a kawo maka lissafi ba sai ka nema da kalmar logariyasmo. A ƙarshe sukan kawo kyauta daga mai gida, kankana ko inabi ko wani abu mai zaƙi. A tsibirin Kirit kyautar takan zo da ƙaramar kwalba mai farin ruwa da ake kira raki, wadda barasa ce mai ƙarfi, sai ka dafa ƙirji ka ce "Efharisto", wato na gode, ka bar ta. Tukuici ba dole ba ne, amma an saba a cika kuɗin ko a bar kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari.

TAMBAYA: Ni da wasu 'yan cocinmu za mu bi sawun Manzo Bulus daga Filibi zuwa Tasalonika da Biriya da Atina da Korinti, kuma muna so tafiyar ta dace da Ista. Me za mu tarar ta fuskar abinci? Daga wata mai karatu a Jos.

AMSA: Mama, ku fara duba kalanda, domin Cocin Otodoks yana lissafin Ista da tsohuwar kalanda, kuma a yawancin shekaru tasu tana zuwa bayan wadda kuka saba da mako ɗaya, wani lokaci har huɗu ko biyar, ko da yake akwai shekarun da suke haɗuwa. Azuminsu yana farawa ranar wata Litinin da suke kira Tsarkakakkiyar Litinin, kwana 48 kafin Ista, ranar da ake cin wata faffaɗar gurasa mai riɗi da ake kira lagana, da kwaɓin ƙwan kifi mai suna taramosalata, da alewar riɗi. A Makon Mai Tsarki ko waɗanda ba su cika zuwa coci ba sukan bar nama, don haka abincin wake da ganyen da na bayyana a amsar farko shi za ku fi samu.

Daren Asabar da tsakar dare ake kunna kyandirori ana gaisawa da "Hristos anesti", wato Almasihu ya tashi, a amsa da "Alitos anesti", hakika ya tashi. Daga coci sai a koma gida a buɗe baki da mayiritsa, farfesun kayan cikin rago da ganye wanda ake kaɗa wa ƙwai da lemun tsami, a fasa dafaffen ƙwai da aka rina ja, a ci burodi mai zaƙi da ake kitsawa mai suna tsureki. Ranar Lahadi kuma rago ake gasawa sukutum a jikin dogon ƙarfe tun da safe, tare da kokoretsi, kayan ciki da aka nannaɗe da hanji. Biki ne na iyali da ƙauye, shaguna da gidajen abinci da yawa a birane suna rufewa, saboda haka ku kama wurin cin abincin daren Asabar da na ranar Lahadi tun da wuri ta hannun masaukinku.

TAMBAYA: Musaka ce abincin gargajiyar Girka kamar yadda nake gani a intanet? Kuma wace tsaraba ce ta dace in kawo wa mahaifiyata? Daga wata mai karatu a Garwa.

AMSA: 'Yar'uwa, musaka tana da daɗi idan an yi ta a ranar, amma siffar da aka san ta da ita a yau ba ta daɗe ba. Jerin yalo da niƙaƙƙen nama tsohon girki ne a duk gabashin Bahar Rum, har Larabawa da Turkawa suna da nasu, farin kaurin madara da fulawa da ake shimfiɗawa a sama kuwa wani mashahurin kuku ɗan tsibirin Sifnos mai suna Nikolawos Tselementes ne ya yaɗa shi a shekarun 1920, bisa salon girkin Faransa. Abin da ba ya rabuwa da teburin Bagirke da zafi shi ne horiyatiki, kwaɗon ƙauye: tumatir da kokwamba da albasa da 'ya'yan zaitun, a ɗora yankan cukun feta a sama, a kwarara man zaitun, kuma ba a sa masa latas. Tun 2002 Tarayyar Turai ta keɓe sunan feta ga cukun da aka yi a wasu yankunan Girka da nonon tumaki, ko a gauraya da na awaki da bai wuce kashi 30 cikin ɗari ba.

Tsarabar Hajiya kuwa, ki je titin Atinas a birnin Atina, inda babbar kasuwar Barbakiyos take tun 1886, ki karya zuwa titin Ebripidu na masu kayan ƙamshi. Zumar Girka ta shahara, musamman wadda ƙudan suka yi daga furen tsirran duwatsu, kuma akwai pasteli, wanda kantun riɗi ne da aka haɗa da zuma a madadin sukari. Akwai shayin dutse da ake sayarwa da itacensa da furensa, da za'afaran na garin Kozani, da ƙaron mastiha daga tsibirin Hiyos, wanda ake taunawa ana kuma sa shi a kayan zaƙi, sai dai ki kula, akwai barasa a kwalba mai wannan suna. Man zaitun ki sayi na gwangwani domin ba ya fashewa, ki sa shi a babban akwati, tunda ba za a bar ki ki shiga jirgi da shi a jakar hannu ba. Idan kin gaji da zagaye, ki zauna ki sha gahawarsu da ake dafawa a 'yar ƙaramar tukunya mai hannu, ki ce metriyo idan kina son sukari daidai, ko sketo idan ba kya so, kuma ki bar dusar da ta kwanta a gindin kofi. Ki haɗa ta da lukumades, ƙananan fanke da ake tsomawa a zuma a barbaɗa kirfa, waɗanda ake soyawa a gabanki kuma da zafinsu ake ci.